Baƙin Zare a Furen Kabewa

Ƙwaya bakwai suka rage wa Inna a shekarar da nake ba da labari. Na gan su da idona washegarin ruwan shuka, lokacin da ta kwance ƙullin tsumman da take ajiye iri a ciki, ta hure tokar da ta zuba musu saboda ƙwari, ta jera su a kan faifai. Biyu daga ciki ma sun shafe, da gani ka san ba lallai su tsiro ba. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, idonta a kan faifan, "In bana ma ba ta yi ba, shi ke nan, mai wuya ta ƙare."

Mai wuya shi ne sunan da muke kiran kabewar gidanmu. Ba irin ta kasuwa ba ce mai kama da tulu. Wuyanta dogo ne a lanƙwashe, bayanta kore mai ɗigo-ɗigon fari, cikinta ja wur kamar an jiƙa shi da manja. Ba ta da ruwa da yawa, shi ya sa takan kai bazara a ƙarƙashin gado ba ta ruɓe ba, kuma miyar taushen da aka yi da ita, ko baƙo ya ci sai ya tambayi daga ina. Inna ta zo da irin ne cikin kayan aurenta daga wani ƙauye arewa da Tsanyawa. A wurin mahaifiyarta ta karɓa, ita ma mahaifiyar a wurin tata uwar. Shekara da shekaru Inna tana raba shi kyauta ga duk matar da ta roƙa, amma babu wadda ta riƙe. Wasu sun shuka kusa da ta kasuwa, ya gauraye ya zama wani abu dabam. Wasu sun watsar don ta kasuwa ta fi saurin nuna. Da muka waiwayi nemansa, har ƙauyen nasu na je a kan babur, na bi gida-gida. Ƙanwar Inna ta ce nata ɓeraye sun cinye tuntuni.

Ni ne ɗan Inna na fari, malamin firamare ne ni, kuma gida ɗaya muke: ni da matata da yaranmu a sashen gaba, ita a ɗakinta na ciki tun bayan rasuwar Baba. A bayan ɗakin akwai 'yar garka, ɗan fili ne da aka kewaye da dangar kara, bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. A wajenmu gona manne take da gona, ko turken jaki za ka kafa sai ka duba kada ka shiga iyakar wani. Wannan 'yar garkar kaɗai ce ƙasar da Inna za ta taka ta ce tata ce, kuma ba ta shuka komai a cikinta sai mai wuya da ɗan yakuwa a gefe.

Shekara biyu a jere kabewar ta yi mana abin da ya ɗaure mana kai. Ta yi yaɗo har ta rufe danga ta hau rufin ɗaki, ganye faffaɗa, fure ko'ina. Ɗan ƙwallo ya fito a gindin fure kamar ƙwan zabo, mu fara murna, bayan kwana uku ko huɗu sai ya yi rawaya, ya motse, ya faɗi. Shekarar farko biyu ne suka kai ga nuna. Shekara ta biyu ɗaya ce tak, ita ma 'yar ƙarama, da aka fasa ta yawancin 'ya'yan cikinta fanko ne. Daga cikinta waɗannan bakwai suka fito.

A wurin Inna dalilin a fili yake: an nuna ta da yatsa. Tun muna yara dokar gidanmu ce, ba a nuna ɗan kabewa da yatsa, in ya zama dole sai ka dunƙule hannu ko ka nuna da leɓe. Ta hana jikokinta leƙa garkar, ta sa aka ƙara wa dangar tsayi saboda masu wucewa. Ni kuwa abin haushi yake ba ni. Mutum ya yi shekaru yana tsayawa gaban allo yana koya wa yaran mutane kimiyya, ya dawo gida a ce masa yatsa ke kashe kabewa! Ban ce mata komai ba, amma na sayo takin zamani na zuba da hannuna don in nuna mata abin da ke aiki. Kabewar ta sha taki ta ƙara ganye, 'ya'yan suka ci gaba da zubewa.

Wanda ya buɗe mini ido wani abokin aikina ne mai koyar da aikin gona. Mutum ne mai surutu, ka tambaye shi ƙarfe nawa ya ba ka tarihin agogo, don haka na daɗe ina gudun kai masa maganar. Amma da ƙwaya biyar daga cikin bakwai ɗin suka tsiro, fara ta cinye ɗaya, huɗu suka fara yaɗo, tsoro ya sa na same shi a gindin darbejiyar makaranta lokacin hutun tara. Ya saurare ni har na gama, abin da bai saba yi ba, sannan ya ce, "Malam, in ka fita da safe kana jin ƙugin ƙudan zuma a garkar?"

Na buɗe baki zan ce e, sai na tsaya. Muna yara, in ka bi ta bayan ɗakin Inna da sassafe a cikin marka, ƙugin nan kake fara ji kafin ka ga fure. Akwai wata ƙatuwar ɗorawa a gonar da ke bayanmu, mai gonar yana rataye amyar zuma guda uku a kanta. Da ya rasu magada suka raba gonar, bishiyar ta faɗo a kan iyaka, suka sayar wa masu gawayi don a huta da rigima. Ga kuma feshin wake da kowa ya koya, ni ma ina yi, kana tafiya a gona warin magani na hawa maka kai. Na yi ta lalube a raina, na kasa tuna ranar da na ji ƙugin nan na ƙarshe.

"To ai shi ke nan," in ji shi. "Kabewarku lafiyarta ƙalau. Barbara ce ba ta samu ba."

"Barbara kuma? Tunkiya ce?"

Ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ɗauki tsinke ya zana mini a ƙasa. Furen kabewa iri biyu ne, ya ce, akwai namiji akwai mace. Namijin shi ne mai dogon siririn kara, ba komai a gindinsa. Macen ita ce mai ɗan ƙwallon nan. Ƙudan zuma ke shiga namijin, garin nan mai ruwan ɗorawa ya manne masa, ya kai wa macen. In garin bai isa ba, ƙwallon ya mutu. "Tunda ƙuda ya tafi, kai za ka zama ƙudan. Da sassafe fure ke buɗewa, kafin hantsi ya rufe, kuma mace ɗaya rana ɗaya gare ta. Ka tsinki namiji, ka cire masa ganyen fure, ka goga tsinken cikinsa a tsakiyar macen. In ka gama ka ɗaure bakin furen da zare, kada wani ƙwaro ya kawo mata garin kabewar maƙwabta ya ɓata muku iri."

Na koma aji ban san abin da na koyar ba a ranar. Abin kunya ne a ce mai kiran kansa malamin kimiyya bai san wannan ba, ko kuma ya taɓa haddace shi don jarrabawa ya watsar, amma murna ta fi kunyar yawa. Ina tuƙa babur zuwa gida ina shirya yadda zan shiga wurin Inna in ce mata na samo maganin abin. Sai da na jingine babur a zaure sannan na tambayi kaina: da wane baki?

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "kai" nake, da na fara koyarwa na koma "Malam". Ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. In na shiga gaishe ta, a bakin ƙofa nake durƙusawa, ita tana kallon bango ni ina kallon ƙasa, mu yi maganar ruwa da gona da ciwon gwiwarta, in tashi. Ƙannena suna shiga har kan gadonta su yi ta hira da shewa, ni kuwa haka aka raine ni, kuma ban taɓa jin an tauye ni ba. To a wannan bakin ƙofar ne zan durƙusa in ce namiji, in ce mace, in ce a goga wannan a cikin wancan? Kalmar da a gidanmu ko a kan dabbobi ba a faɗinta in manya na kusa?

Na gwada sau ɗaya. Na durƙusa bayan la'asar na ce, "Inna, game da kabewar nan, wani malami ya ce furen nata iri biyu ne."

"Iri biyu kamar yaya?"

"Wato akwai mai ƙwallo, akwai kuma... marar ƙwallo."

"Wannan ai ko jikata ta sani. Sai me?"

Na ce, "A'a, dama cewa ya yi a riƙa kula da su." Ta ce to, Allah ya ba mu ikon kulawa. Na tashi na fita ina jin haushin kaina, ina jin haushinta ita ma, alhali ba ta yi mini komai ba.

Na roƙi matata ta faɗa mata, tunda su mata ne. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ni? Surukata? Kai da ta haifa ka kasa, sai ni da aka kawo? Wallahi Malam ka nemi wata." Sai na yanke shawarar in yi abina a ɓoye. Zan so in ce kunya ce kaɗai ta sa, amma ƙarya zan yi. Akwai girman kai a ciki. So nake ranar da kabewa ta nuna in ɗauko ta in dire a ƙofar ɗakin Inna, a san cewa boko ya yi abin da dunƙule hannu ya kasa.

Inna takan zauna lazimi bayan sallar asuba har rana ta fito sosai. Wannan ne lokacina. In na dawo daga masallaci sai in zaga ta waje, in ɗaga wani sashe na dangar da na sassauta, in sunkuya in shiga. Ranar da mace ta farko ta buɗe ba zan manta da ita ba. Raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa, ganyen yana ƙaiƙayi a hannu, ga furen nan ya buɗe baki faffaɗa, babu ko ƙwaro ɗaya a kansa. Na tsinki namiji, na yage ganyen furen na zubar, garin ya manne mini a yatsu. Na goga shi a hankali a tsakiyar macen, na sake tsinko wani na ƙara don kada a yi rowa. Sannan na haɗe bakin furen na ɗaure da zaren da na tsinko a keken ɗinkin matata. Baƙi ne ya zo hannuna, ban ma kula ba. Na yi masa ƙulli uku don kada ruwa ya kwance shi. Ina yi ina waige kamar ɓarawon kaza, ta cikin bango kuma ina jin muryar Inna tana jan carbi.

Kwana uku na yi ban da sukuni. Ranar ta huɗu na ɗaga ganye, sai ga ƙwallon kore shar, ya kai dunƙulen hannu, har wuyan ya fara fita. Wallahi saura kaɗan in yi kabbara da ƙarfi. Na tsuguna a cikin laka ina dariya ni kaɗai, mutum mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu. Ban taɓa jin irin wannan daɗin a gona ba, ko shekarar da gero ya cika mana rumbu. Gero kowa na shukawa, ruwa ya yi sauran. Wannan kuwa, bayan ikon Allah, da yatsuna aka yi shi.

Daga nan abin ya zame mini jaraba. Da yamma in leƙa ta saman danga in ga wace mace ce bakinta ya fara rawaya, in san gobe tata ce. In na shigo gida da laka a silifa, matata ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa, liman. Yau aure nawa aka ɗaura?" In ce mata biyu, kuma ba a ba ni ko goro ba. Cikin mako uku na ɗaure tara, shida suka kama. Waɗanda suka buɗe ranar da na makara ko aka wayi gari da ruwa, duk suka zube kamar da. Ta farkon ta kai tsawon damtsena, ɗigon farin ya fara bayyana a bayanta. Har na fara tunanin matan da za a ba iri, da sharaɗin da zan kafa musu.

Abin da ban yi tunani ba shi ne abin da Inna ke gani in ta shiga garkarta da hantsi. Sawun takalmin namiji a cikin laka, ya shigo ta inda babu ƙofa. Furanni a yayyage a zube a ƙasa. Ga baƙin zare, ƙulli uku-uku, a bakin fure. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san abin da aka ce game da masu tofi a cikin ƙulli, ni ma na sani, amma murna ta rufe mini ido. Na dai lura Inna ta rage magana. Na lura ta fara tofa addu'a a ruwa tana yayyafawa a bakin garka, tana shafa wa yara a ka. Na ɗauka tsufa ne.

Wata safiya na durƙusa gaishe ta, sai ta miƙo hannu ta ajiye wani abu a ƙasa tsakaninmu. Busasshen fure ne da zarena a jikinsa.

"Malam, wani yana shigar mini garka."

Na ce, "Anya ba yara ba ne, Inna?"

"Yara ba sa ƙulli uku. Kuma ka duba, duk wanda aka ɗaure shi ke tsayawa, wanda ba a ɗaure ba ya faɗi. Shekara biyu abin nan yana zubewa, yau ƙulli ya riƙe shi. Wannan ba alheri ba ne."

Nan ne wurin. Na sha komawa wannan bakin ƙofar a raina fiye da yadda zan iya faɗa. Ba sai na ce namiji ko mace ba. Da na ce, "Ni ne, Inna, wata dabara ce aka koya mini," da ta wadatar. Amma na san tambayar da za ta biyo baya, wace dabara, kuma ga kabewata saura ƙiris in dire ta a gabanta. Sai na ji bakina yana cewa, "Kada ki damu, Inna, zan bincika." Ta ce to. Na yi wa uwata ƙarya a kan fure, na tashi na tafi makaranta, har ina yaba wa kaina cewa na iya zamewa.

A makon ne aka tura mu bitar malamai ta kwana uku a birni. Na tafi da ciwon rai ɗaya kawai, cewa mata biyu za su buɗe ba na nan. A rana ta biyu ƙaramar 'yata ta tashi da zazzaɓi mai zafi har tana sambatu. A cikin marka wane gida ne babu zazzaɓi? Sauro ya cika ko'ina. Amma ana gobe zazzaɓin zai zo, Inna ta kama yarinyar ta kutsa cikin garka tana wasa da ɗaya daga cikin kabewoyin. Da gari ya waye matata ta goya ta suka tafi asibiti, sauran yaran suna makaranta, gida ya rage Inna ita kaɗai da fartanyarta.

Na dawo ranar ta uku da la'asar. Yarinya ta sha magani har ta fara neman abinci. Matata ta tare ni a zaure, ba ta yi mini sannu da zuwa ba, ta ce, "Na kira wayarka a kashe. Kafin in dawo an gama." Ban gane ba sai da na zaga baya. An tumɓuke duka huɗun tun daga saiwa. An janye yaɗon daga kan danga da rufin ɗaki, an tara a kan bola, ganyen ya yi laushi yana wari. Garkar ta koma fili fetal, sai yakuwa a gefe da wani wuri a tsakiya inda aka tona aka mayar da ƙasa. Tsohuwar da ba ta iya tashi daga tabarma sai ta dafa bango, ita ta yi wannan aikin ita kaɗai.

Ban san lokacin da na isa ƙofar ɗakinta ba, kuma ban durƙusa ba. A tsaye na yi mata magana, da murya sama, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. "Inna, me kika yi? Me kika yi haka?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya tana karanta Falaƙi da Nasi, ta ƙone zaren, ta sassare 'ya'yan ta binne don kada yaro ko dabba ya ci. "Ka ɗauka da daɗi na yi? Irin uwata ne. Ina sara ina kuka. Amma in aka ce in zaɓa tsakanin kabewa da jikata, ai ba zaɓi."

"Ni ne, Inna! Ni na ɗaura zaren!"

Daga nan komai ya zubo. Ƙudan zuma, ɗorawar da aka sare, feshi, namiji, mace, garin, gogawar, har kalmar da na yi wata biyu ina haɗiyewa, duk na faɗe su a tsaye cikin fushi, ko ɗar ban ji ba. Da na gama sai na durƙusa a inda na saba.

Inna ta juyo ta dube ni ido cikin ido. Ban tuna ranar da ta taɓa yin haka ba.

"Barbara," ta ce, a sake, kamar mai cewa tuwo. "Wannan ce maganar da ta fi ƙarfin bakinka?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Rabin yaran unguwar nan a hannuna suka faɗo duniya. Ni na yanke musu cibiya. Me ya rage a maganar namiji da mace da zan ji a bakinka in suma? Na ajiye maka zaren a gabanka, Malam. Na tambaye ka."

"Kin tambaye ni, Inna."

Ba ta ƙara cewa komai a kan wannan ba, ba a ranar ba, ba kuma daga baya ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki fartanya, ta nufi garka. Na bi ta na ce ta kawo in tona, ta ƙi. Ta durƙusa a kan gwiwoyin nan masu ciwo ta yi ta jan ƙasa, da fartanyar ta fara taɓa abin da ke ciki sai ta ajiye ta ta ci gaba da hannu. Ta zaro gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, sun yi laka, sun fara yauƙi. Ta nemo na babbar, ta farkon nan da na ɗaure, ta share ƙasar da gefen zanenta. Cikin ko ja bai fara yi ba, fari ne fat.

Ta sa yatsa ta kwakwulo 'ya'yan. Suna da yawa, cike take da su, ba kamar ta bara ba. Ta ɗauki ɗaya ta matsa da farce, ya fashe, ɗan ruwa ya fito. Ta ɗauki wani, haka. Ta yi ta bin su, ba ta tsallake ko ɗaya ba, ni ina tsugune a gefe ina kallo, na san babu abin da za ta samu, na kasa ce mata ta bari. Aka kira magariba ba ta ɗago ba. Da ta gama da babbar ta koma kan sauran, waɗanda 'ya'yansu ko siffa ba su gama yi ba.

Can ta tsaya, hannuwanta a kan cinya, duk laka.

"Da an bar ta, saura kwana nawa irin ya ƙosa?"

Na so in yi mata wata ƙaryar, in ce da sauran tafiya mai nisa, in ce wataƙila ma da ba ta kai ba. Na kasa.

"Kamar wata ɗaya, Inna."

"Wata ɗaya," ta ce.

Ta tattara gutsattsarin ta mayar cikin ramin, ta tura ƙasa a kai da tafin hannunta, ta daddanna. Sannan ta ce in kawo mata buta, lokacin salla yana wucewa.